Mitar da ke ƙarya idan an bar ta ita kaɗai: nazarin matsalar kash a ARM926 da wani direban Linux

Yadda abin yake tun farko

Wani ƙaramin kamfani ne mai haɗa na'urar auna wutar lantarki, irin wadda ake maƙalawa a masana'anta ta riƙa lura da layuka uku dare da rana. Ba zan kama sunansu ba, shi ma injiniyan da abin ya faɗo a kansa zan riƙa ce masa mutumin namu kawai. A cikin na'urar akwai furosesa mai ƙirar ARM926EJ-S, RAM 64MB, da Linux ɗaya daga cikin na ƙarshe-ƙarshen jerin 2.6. Kash ɗin bayanai kuma, wato 'yar ma'ajiyar nan mai sauri da ke jikin furosesa tana riƙe kwafin abin da aka ɗauko daga RAM kwanan nan, girmansa 16KB ne, sahu huɗu, kowane layi bayit 32. Ku riƙe 32 ɗin nan don za mu dawo kanta.

Guntun awo yana auna abu shida, bolt na layi uku da amfa na layi uku, sau 8000 a daƙiƙa, kowane awo bayit 2, kenan ƙunshi ɗaya bayit 12 ne. Da ƙunshi goma sun taru sai guntun ya katse furosesa, direba, wato ɓangaren Linux da ke magana da guntun, ya kwashe bayit 120 ɗin ya zuba a wata bafa (wurin ajiya na ɗan lokaci a RAM) mai zagaye da ke cin ƙunshi 4096, shafi 12 cif na 4KB. An ware bafar da vmalloc_user, aka miƙa wa manhajar lissafi ita ta hanyar mmap, kiran da ke ba manhaja nata adireshin zuwa wurin, don wai ta karanta kai tsaye ba sai an yi kwafi ba. A gaba akwai ƙarin shafi ɗaya mai lambobi biyu dab da juna, bayit 4 kowacce: "kai" wanda direba ke rubutawa ya ce ga inda na tsaya da zubi, da "wutsiya" wadda manhaja ke rubutawa ta ce ga inda na tsaya da kwasa.

Mutumin namu ya fara rubuta wannan duka ne a kwamfutar tebur mai x86 da bayanan ƙarya, lafiya lau. Ya kai kan bod ɗin ARM, nan ma lafiya lau makonni ana gwaji. Amma a teburin gwaji akwai wata 'yar manhaja ta biyu da ke karɓar duk zubin da aka kwasa tana turawa laftof don a ga zanen wutar, da za a tura kaya aka cire ta tunda babu laftof a masana'anta, kuma babu wanda ya ɗauki cirewar a matsayin canji balle ya rubuta.

Mako na 1: ƙorafi daga wurin aiki

Alama biyu aka kawo. Ta farko zanen bolt yana ta fitar da ƙaya, ka ga igiyar tana tafiya sumul sai awo ɗaya ko biyu su yi tsalle can nesa su dawo. Ta biyu ba kullum take zuwa ba, manhaja sai ta yi kukan wai bayanai sun ɓata saboda lambar kai ta koma baya, abin da a lissafi bai kamata ya taɓa faruwa ba.

Kowa ya ce hayaniyar injinan masana'anta ce ke shiga waya. Aka ƙara kafasita, aka gyara wayar ƙasa, aka canza guntun awo, aka bar memtester yana tankaɗe RAM dare guda bai samu ko kuskure ɗaya ba. Osiloskof a ƙafar guntun ya nuna wuta tsaf babu ƙaya. Aka dawo da na'ura ɗaya ofis, mutumin namu ya kunna 'yar manhajar zanen nan don ya gani da idonsa, ƙaya ta ɓace ɓat, sai ka ce mara lafiyar da ya warke a ƙofar asibiti. Ya kashe ta ya tafi sallah, ya dawo ya tarar fayil ɗin rahoto cike da ƙaya.

Mako na 2: an kama kwamfaila, an sake ta

Daga nan zato ya koma kan manhaja. Ya sa volatile, alamar da ke cewa a karanta wurin kowane lokaci, a kan kai da wutsiya da bafar gaba ɗaya, ya sa wmb mai tsare jerin rubutu a direba tsakanin zuba bayanai da ɗaga kai, ya haɗa komai da -O0 mai kashe wayon kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutun shiri zuwa umarnin furosesa, ko ita ce ke tsallake karatu. Babu abin da ya motsa. Ya duba umarnin da kwamfaila ta fitar, ga ldr, umarnin karatu, nan a inda ya kamata, ana karanta adireshin duk zagaye, amma abin da ke dawowa tsoho ne.

Sai ya sa printk, umarnin fitar da saƙon rahoto, a cikin katsewar don ya ga me direba ke rubutawa. Matsala ta sake ɓacewa. Ya cire, ta dawo. Oga da ya gaji ya ce to ai shikenan, a bar printk ɗin mana a tura kaya. Mutumin namu ya ce, Yallaɓai a ƙara min mako ɗaya, ciwon da ban san me ya kwantar da shi ba ban san ranar da zai tashi ba. Aka ba shi, da ƙyar.

Mako na 3: 8, 16, 24, shiru

Abin da ya yi a nan shi ne ya daina amfani da wutar gaske. Ya sa direba ya riƙa cika kowane ƙunshi da lamba mai hawa, 1, 2, 3, haka, manhaja kuma idan ta ga lambar da ba ita take jira ba kar ta buga komai a allo, ta ajiye a ƙwaƙwalwarta a ina ne kuma bayit nawa ne, sai a ƙarshe ta juye duka lokaci ɗaya. Ta haka bai tayar da kowa ba yayin gwajin.

Sakamakon ya fito da tsari har abin ya ba shi tsoro. Ɓarnar kullum a farkon zubi take, ba a tsakiya ba. Tsawonta ko bayit 8 ko 16 ko 24, babu wani adadi bayan waɗannan. Zubin da ya fara a adireshin da 32 ke rabawa kuwa bai taɓa ɓaci ba. Sannan lambar da ake gani ita ce wadda ake jira a cire 4096, wato abin da ke wannan gurbi a zagayen baya. Zagaye ɗaya daƙiƙa 0.512 ne, a wuta mai 50Hz juyi 25.6 kenan, to ɗigo shidan nan shi ke sa tsohon awo ya faɗo a wani wuri daban na igiyar ya fito kamar ƙaya.

Yi lissafin da kanka: zubi na farko ya ƙare a bayit 120, layin kash da ke ɗauke da ƙarshensa ya kama daga 96 zuwa 127, saura bayit 8 da direba bai rubuta ba tukuna. Manhaja ta karanta ƙarshen zubin, furosesa ba ya ɗauko rabin layi, ya kwaso 32 ɗin duka har da tsoffin takwas ɗin. Zubi na biyu ya zo, direba ya rubuta sababbi a wurin, manhaja ta nema, kash ya ce ai ina da wannan layin ya miƙa mata tsohon. Na biyu ya ƙare a 240, saura 16. Na uku a 360, saura 24. Na huɗu a 480, daidai bakin layi, na bayansa ya fito tas. Dalilin da bai faruwa kowane zubi shi ne wani lokaci wani abu ya riga ya ture layin daga kash kafin a dawo kansa.

Ya haɗa kanel, wato zuciyar Linux inda direba ke zaune, da CONFIG_CPU_DCACHE_DISABLE mai kashe kash ɗin bayanai, alamu biyun suka ɓace amma na'urar ta koma tafiyar hawainiya. Ya mayar da kash ya tada ta da cachepolicy=writethrough, yadda duk rubutu zai wuce RAM nan take: kai ya daina komawa baya, ƙaya kuwa tana nan. To yanzu an san unguwar da ɓarawon yake.

Ga abin da ke ƙasa. Kowace manhaja adireshin aro take gani, MMU, wani sashe na furosesa, ce ke fassara shi zuwa adireshin asali na RAM. Kash ɗin ARM926 yana gaban MMU ne, da adireshin aro yake zaɓar gurbi kuma da shi yake liƙa wa layi alama, wanda ake taƙaitawa VIVT. An yi haka don sauri, ba sai an jira fassara ba. Amma yana zuwa da ciwon kai biyu.

Na farko takwara: manhaja biyu kowacce tana da adireshi 0x40020000 nata, abin da ke ciki daban. Maganin Linux a wannan furosesa na ƙarfi ne, duk sanda za a sauya daga wata manhaja zuwa wata cpu_arm926_switch_mm yana sauke duk layin da aka taɓa zuwa RAM ya soke kash ɗin baki ɗaya, layi 512. ARM ta tanadi wata dabara mai suna FCSE don kauce wa wannan, gurbi 128 na 32MB kowanne, amma ba ta shiga babban reshen Linux ba.

Na biyu mutum ɗaya suna biyu. Kamar mai shago ne da littafin bashi, mutum ya zo da safe ya ci bashi da sunansa na yanka, da yamma yaron shago ya karɓi biya ya rubuta a shafin Ɗanladi don haka ake kiransa a gida, shafi biyu mutum ɗaya kowanne da lissafinsa. Bafar nan ma ba suna biyu gare ta ba, uku ne: adireshin manhaja wajen 0x40000000, adireshin vmalloc da direba ke rubutu da shi wajen 0xC4800000 a na'ura mai 64MB, da adireshin kai tsaye da kanel ke da shi na duk RAM daga 0xC0000000. Kash bai san ukun nan wuri ɗaya suke nuni ba.

Da wannan komai ya zauna. Kash ɗin nan ba ya buɗe layi don rubutu sai don karatu, shi ya sa awon da direba ke zubawa yana wucewa RAM lafiya, matsalarsa tsohon kwafin manhaja ne kawai. Kai kuwa direba yana karanta shi kafin ya ƙara, wutsiya ma manhaja na rubuta ta a layin da ta riga ta ɗauko don karanta kai, kenan layi ɗaya kwafi biyu kowanne da rubutun da bai sauka RAM ba tukuna, idan na manhaja ne ya sauka RAM daga baya sai ya binne sabon kai da tsoho. Ga komawa bayan. Batun warkewa a ƙofar asibiti kuma, manhajar zane da klogd mai kwasar saƙon printk duk manhajoji ne daban, tashinsu yana jawo sauyi, sauyi yana wanke kash. Idan manhajar lissafi ce kaɗai, ta yi barci furosesa ya shiga zaman jira, zaman jiran nan aron teburin adireshinta yake yi, ta farka babu sauyi babu wanki. A x86 kuwa alamar layi da adireshin asali ake yinta, tambayar ma ba ta tasowa.

Mako na 4: wanki huɗu

Ya buɗe Documentation/cachetlb.txt, takardar da David S. Miller ya rubuta kan ƙa'idojin wanke kash a Linux, ya ga flush_dcache_page ya ce alhamdulillahi. Ya kira shi a kan kowane shafi bayan zubi, babu canji ko kaɗan. Da ya bi cikin arch/arm/mm/flush.c sai ya ga abin yana wanke adireshin da page_address ya bayar ne, wato na kai tsaye, suna na ukun nan da babu mai amfani da shi. Ɓangaren da ke bin adireshin manhajoji yana wankewa kuma sai shafin yana ƙarƙashin wani fayil, shafukan direba ba su cikin wannan lissafi.

Na biyu flush_kernel_vmap_range, wanda aka shigo da shi a 2010 saboda XFS, wani tsarin ajiye fayil, ta sha irin wannan wahala da bafofinta na vmap a injina irin su PA-RISC da ARM. Wannan ya taɓa adireshin direba daidai, amma kwafin da ke ƙarƙashin sunan manhaja ko kallonsa bai yi ba, kuma can ƙayar take.

Na uku shi ya fi cin lokaci. Ya karanta cewa SHMLBA, ma'aunin jera adireshin wurin da ake rabawa, a ARM 16KB ne kuma kanel na daidaita adireshin mmap don launin shafi, wato yankin kash ɗin da shafi ke faɗawa, ya zo ɗaya, sai ya tilasta wa manhaja adireshi mai ƙarshe iri ɗaya da na direba. Wannan magani ne na gaske amma na wani ciwo. A ARM11 ko MIPS 24K mai kash 32KB sahu huɗu, gurbi da adireshin aro ake zaɓa amma alama ta asali ce, kowane sahu 8KB ne ya fi shafi girma, to idan ka sa sunayen biyu suka faɗa gurbi ɗaya alamar za ta gane abu ɗaya ne. A nan kuwa sahu 4KB ne daidai da shafi, kwafin biyu dama can a gurbi ɗaya suke zaune maƙwabta, alamominsu ne daban. Kwana biyu suka tafi a banza.

Na huɗu flush_cache_all a cikin katsewa, kuma sai da ya sa biyu, ɗaya kafin direba ya karanta wutsiya ɗaya bayan ya ɗaga kai. Gwajin lamba mai hawa ya fito tas. Sai dai katsewa 800 ce a daƙiƙa, wanki 1600 kenan, manhajar lissafi duk ta farka kash babu komai sai ta sake ɗebo teburanta daga RAM, ta fara gaza kammala lissafin zubi kafin wani ya iso. Aka ajiye wannan a gefe a matsayin mafita ta dole idan komai ya ƙi.

Mako na 5: abin da ya yi aiki

Ya je ya duba yadda kanel da kanta ke yi idan ta shiga wannan hali. A arch/arm/mm/fault-armv.c, idan manhaja ɗaya ta yi mmap na fayil ɗaya a wuri biyu a kan VIVT, kanel ba ta tsaya wanki ba, cire wa shafukan izinin shiga kash take yi. ALSA mai kula da sauti ma, wadda ke da irin wannan bafa mai zagaye da kai da wutsiya, ba ta barin a yi mmap na shafin lambobin sai a injina irin x86 da PowerPC da Alpha, a ARM ta hanyar ioctl, kiran da manhaja ke yi wa direba, ake musayarsu.

Ya bi sawu. Bafar ta koma dma_alloc_coherent ko da yake babu DMA, wato na'ura ta zuba bayanai a RAM da kanta, a aikin, abin da yake so shi ne adireshin da ba ya bi ta kash, manhaja kuma ta samu nata da dma_mmap_coherent. Ƙaya ta mutu, kai ya daina ja da baya, babu wanki ko ɗaya. Amma lissafi ya yi nauyi saboda manhajar tana komawa kan awo ɗaya sau da yawa kuma yanzu kowane karatu na bayit 2 sai ya je har RAM. Sai ya sa ta fara kwafe zubin da memcpy zuwa wurinta mai kash sannan ta yi lissafi a can, nauyin ya sauka.

A nan ne ya tsaya ya kalli abin da ya gina: mmap da aka yi don gudun kwafi, ga shi yanzu ana kwafi. Ya goge mmap ɗin gaba ɗaya, ya mayar da bafar vmalloc ta zama ta direba shi kaɗai, kai da wutsiya suka koma cikin kanel, manhaja ta koma kiran read tana karɓar ƙunshi 80 duk milisakan 10. Direba na rubutu da karatu da suna ɗaya, copy_to_user kuma yana rubutawa ne da adireshin manhajar kanta, wanda da shi za ta karanta, babu inda wuri ɗaya ya samu suna biyu. Bayit 96,000 ne a daƙiƙa gaba ɗaya. Aka bar gwajin lamba mai hawa kwana uku babu wata manhaja a kunne, babu kuskure ɗaya, sannan aka mayar da wutar gaske aka sabunta na'urorin da ke waje.

Yadda nake ganin abin

Ni dai ban ɗora laifin a kan furosesan ba, halinsa a rubuce yake a littafinsa, kuma kanel ta riga ta ɗauke wa mai rubuta manhaja nauyin muddin ya bi read da write da mmap na fayil. Inda aka zame shi ne ranar da direba ya miƙa wa manhaja shafin da shi ma yake rubutu a ciki, daga ranar kula da kwafin biyu ya dawo wuyansa bai sani ba, kuma an yi hakan ne don tsimin kwafin da bai kai 100KB a daƙiƙa ba, babu wanda ya zauna ya auna ko tsimin ya cancanta.

Mako biyun farko asara ce da za a iya gujewa, gwajin lamba mai hawa aikin yini ɗaya ne kuma shi ya fasa ƙwan, da an fara da shi da ba a sayi kafasita ba. Wanki huɗun kuwa uku sun faɗi ne a kan tambaya ɗaya da bai yi ba kafin ya kira su, wane adireshi wannan ke wankewa kuma a ƙarƙashin wane adireshi tsohon kwafin yake. Na fi jinjina masa a kan ƙin barin printk, don da an bi ta Oga na'urar za ta yi ta aiki har ranar da wani zai kashe klogd don rage cin filasha.

Hanyar da ba ta bi ta kash ɗin nan ba kuskure ba ce, da bayanan na kyamara ne ko wani abu mai megabayit da yawa a daƙiƙa ita zan zaɓa, da lambobin kai da wutsiya ta ioctl kamar na ALSA. Daga baya kamfanin ya koma bod mai Cortex-A, inda ƙa'idar ARMv7 ta ce kash ɗin bayanai ya nuna hali kamar mai adireshin asali, wani sabon ma'aikaci ya kawo shawarar a dawo da mmap tunda yanzu babu haɗari. Mutumin namu ya ce masa, ƙanena auno min nawa read ɗin ke ci tukuna. Direban na nan da read har yau.